Lissafin Makin Rai na Matattu Masu Yawo a Wasannin Kwaikwayo na Kan Tebur da Darasinsa ga Mai Tsara Wasa da Hausa

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin yadda ake lissafa makin rai na matattu masu yawo a wasan Dungeons & Dragons da takwaransa Pathfinder, daga 1974 zuwa 2014. Ta nuna cewa masu tsara waɗannan wasanni sun ba da amsa uku mabambanta ga tambaya guda: mene ne ke riƙe da gawa a tsaye bayan jini ya daina gudana? An auna kowace amsa da lissafin matsakaici da na yiwuwa, domin a ga wanda ta fifita da wanda ta ƙware. Daga nan aka waiwayi dambe da dara da labaran fatalwa kamar yadda aka san su a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Matsayar takardar ita ce makin rai hukunci ne da mai tsara wasa ke yankewa game da labarinsa, don haka bai kamata Bahaushe ya kwafi adadin ba sai ya fahimci dalilinsa.

1.0 Gabatarwa

Wasan kwaikwayo na kan tebur ba a yin sa a dandamali, ba kuma a ɗaukar sa a fim. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagoran wasa: shi ke ba da labari, shi ke siffanta gari da daji da abokan gaba. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da yawunsa, wannan mayaƙi, wancan matsafi, wancan ɓarawo. Duk lokacin da jarumi ya ƙudurta abin da ba a da tabbacin nasararsa, sai a jefa dayis, irin wanda ake wasan ludo da shi, sai dai na nan yana da fuska 4 ko 6 ko 8 ko 10 ko 12 ko 20. Ana rubuta su d4, d6, d8 har zuwa d20. In an ga 2d8, ana nufin a jefa mai fuska takwas guda biyu a haɗa abin da ya fito.

Makin rai adadi ne da ke nuna yawan bugun da halitta za ta jure kafin ta faɗi. Kowane sara yana rage shi, in ya kai sifili shi ke nan. Ga mai rai lissafin a fili yake, domin yana jingina da lafiyar jiki. Matsalar tana tasowa ne in aka zo kan matattu masu yawo, wato ƙwarangwal da zombi da gul da bampaya mai shan jini da lic, matsafin da ya ɓoye ransa a cikin laya. Waɗannan ba su numfashi, ba su ciwo, guba ba ta kama su. To da me za a auna jimirinsu?

2.0 Asalin Makin Rai

Tushen wasan yana cikin wasannin yaƙi na ƙananan sojojin roba da na dalma. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, inda soja gama-gari ke faɗuwa da bugu guda, jarumi kuwa sai an same shi da bugu huɗu a lokaci ɗaya. Da Dave Arneson ya fara wasansa na Blackmoor, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da mutum ɗaya tak, sai ya ga ba wanda ke son jaruminsa ya mutu a karon farko. Aka koma ga adadin da ke raguwa a hankali. A 1974 Gygax da Arneson suka buga Dungeons & Dragons a kamfanin TSR, wanda a lokacin yake Lake Geneva, jihar Wisconsin ta Amurka.

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san tsarin biyu tun kafin haka. A dambe, sana'ar da ta fito da sunan Shago wanda Ɗan Anace ya waƙe, ba a tara maki. Ana shiga turmi, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, ko da shi ne ya fi kai naushi. Wannan shi ne tsarin Chainmail. A dara kuwa kowa yana da 'ya'ya 12 a gurabe 30, ana ci ɗaya bayan ɗaya har mutum ya kasa jera uku. Wannan shi ne tsarin makin rai: ƙarfi na zaizayewa, kowa kuma yana ganin abin da ya rage masa.

A bugun farko matattu ba su da wata ƙa'ida ta daban wajen lissafin makin rai. Littafin Monster Manual na 1977 ya ba kowane dodo d8: ƙwarangwal guda ɗaya, zombi biyu, bampaya takwas da ƙarin maki 3. Ba a lissafa ƙwarin jikin dodanni a lokacin, don haka tambayar ba ta taso ba.

3.0 Ƙa'idar Lissafi

Tun daga bugu na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000, kowace halitta tana da siffofi shida masu adadi. Biyu ne suka shafe mu: ƙwarin jiki da kwarjini. Ana fitar da ƙari daga siffa ta hanyar ɗebe 10 a raba saura biyu, a zubar da rabi in ya rage. Ƙwarin jiki 10 ba shi da ƙari, 12 yana ba da 1, 14 yana ba da 2, 16 yana ba da 3, 18 yana ba da 4.

Matsakaicin dayis kuwa shi ne a haɗa ƙaramar fuska da babba a raba biyu. Na d4 shi ne 2.5, na d6 3.5, na d8 4.5, na d10 5.5, na d12 6.5. Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce: a haɗa matsakaicin dayis da ƙarin ƙwarin jiki, a ninka da yawan dayis. Jarumi yana samun dayis ɗaya a kowane mataki da ya hau, don haka mayaƙin da ke mataki na 10, mai d10 da ƙwarin jiki 16, yana da 5.5 da 3, wato 8.5 sau goma, ya kama 85. Domin sauƙin kwatance, an bar rangwamen da ake yi wa jarumin ɗan wasa na ba shi cikakken adadi a matakin farko.

4.0 Amsoshi Uku

4.1 Mamaci ba shi da ƙwarin jiki

Bugu na uku da gyaransa na 2003, wanda ake kira 3.5, sun ɗauki matsayi mai tsauri. Tunda ƙwarin jiki lafiya ce da jini da numfashi, mamaci ba shi da shi sam; ba sifili ake rubutawa ba, gurbin ake bari fanko. Domin cike giɓin sai aka ba matattu d12. Ƙwarangwal ɗin mutum yana da 1d12, wato maki 6. Gul 2d12, maki 13. Zombin mutum 2d12 da ƙarin 3, maki 16. Da ya kai sifili ya lalace nan take, babu suma babu jinya. Addu'ar warkarwa tana cutar da shi, tsafin cutarwa kuma yana warkar da shi.

Dalilin zaɓen d12 a bayyane yake, domin 6.5 daidai yake da d8 da ƙarin 2, wato halitta mai ƙwarin jiki 14. Ga ƙananan dodanni lissafin ya tafi daidai. Inda ya karkace shi ne in jarumi mai matakai ya rikiɗa ya zama bampaya ko lic, domin ƙa'ida ta ce a mayar da dukan dayis ɗinsa d12, na baya da na gaba. Mayaƙinmu mai 85 zai koma 65, ya yi asarar 20. Matsafi ɗan mataki na 10, mai d4 da ƙwarin jiki 12, yana da 35 yana raye. Ya mutu ya tashi da 65, ya ci ribar 30. Kowane ajin jarumai yana da mahadar da riba da asara ke daidaita: matsafi a ƙwarin jiki 18, ɓarawo mai d6 a 16, mai d8 a 14, mayaƙi a 12, wanda dama d12 gare shi kuwa a 10. Duk wanda ya haura mahadarsa, mutuwa ta rage masa jimiri. Sakamakon shi ne ƙato da rago sun zama ɗaya a kabari, abin da ya yi daidai da wa'azi amma ya ɓata daidaiton wasa.

Kamfanin ya lura da haka. A Monster Manual III na 2004 an ba wasu matattu wata baiwa ta musamman da ke sa su ƙara kwarjininsu a kan kowane dayis. Faci ne aka yi, amma shi ya share fagen amsa ta biyu.

4.2 Kwarjini ne ke riƙe da gawa

A 2009 kamfanin Paizo ya fitar da Pathfinder a ƙarƙashin jagorancin Jason Bulmahn, bisa harsashin 3.5. Nan ma mamaci ba shi da ƙwarin jiki, sai dai an mayar da shi d8, aka ce kwarjini ya maye gurbin ƙwarin jiki wajen lissafin makin rai. Jarumin da ya rikiɗa kuma yana riƙe da dayis ɗin ajinsa. Hujjar ita ce ba tsoka ke ɗauke da mamaci ba, ƙarfin nufi da taurin rai ne. Ƙwarangwal, wanda ba shi da tunani, kwarjininsa 10, makinsa 1d8, wato 4. Gul mai kwarjini 14 yana da 2d8 da 4, wato 13.

Wannan ya gyara ɓaraka ɗaya ya buɗe wata. Rikiɗa zuwa bampaya tana ƙara 4 a kwarjini. Mayaƙin da ya yi sakaci da kwarjininsa ya bar shi a 8 zai koma 12, ya samu 5.5 da 1, wato 6.5 a kowane mataki maimakon 8.5. Mai sihiri na gado, wanda dama da kwarjini yake aiki, in yana da 18 zai koma 22, ya samu 3.5 da 6, wato 9.5. A mataki na 10 yana da 95, mayaƙi yana da 65, ban da wani ƙari da dukansu biyu ke samu daidai wa daida. Siffa guda ta zame masa makami da sulke, alhali ɗan'uwansa mai rai sai ya raba jarinsa wuri biyu.

4.3 A daina tambayar

Bugu na huɗu na 2008 da na biyar na 2014 sun mayar wa matattu da ƙwarin jiki, aka fassara shi da ƙarfin abin da aka gina halitta da shi. A na huɗu aikin dodo a fagen fama da matakinsa ne ke fitar da adadi, har akwai rukunin 'yan rakiya masu maki 1 tak, cikinsu da ruɓaɓɓen ƙwarangwal. A na biyar girman jiki ne ke zaɓen dayis: mai girman mutum d8, babba d10, ƙato d12. Ƙwarangwal ya zama 2d8 da 4, maki 13. Zombi 3d8 da 9, maki 22. Lic 18d8 da 54, maki 135. Bampaya 17d8 da 68, maki 144.

Mutuwar ba ta ɓace ba, an dai ɗauke ta daga adadin an mayar da ita cikin ƙa'idojin da ke kewaye da shi. Kulki da guduma suna yi wa ƙwarangwal ɓarna ninki biyu, don haka 13 ɗinsa a gaban mai gora tamkar 7 ne. Zombi in ya kai sifili yana jefa d20 ya ƙara 3, in ya cimma 5 haɗe da ɓarnar da aka yi masa sai ya tsaya da maki 1, muddin ba bugun haske mai tsarki ko mummunan sara ne ya same shi ba. A ce saran maki 8 ne: yana bukatar 13, wato dayis ya ba da 10 ko fiye, fuska 11 cikin 20, kashi 55 cikin ɗari. A matsakaici sai an sare shi fiye da sau biyu a bakin mutuwa kafin ya kwanta. Bampaya yana maido da maki 20 a kowane zagaye in ba ya cikin rana ko ruwa mai gudu. Rundunar da ke cire masa 30 a zagaye za ta kayar da shi a zagaye 5 in an hana shi farfaɗowa, amma sai 13 in ba a hana ba. Lic kuwa ko an lalata shi yana samun sabon jiki cikin kwana 1d10 matuƙar layarsa na nan.

5.0 Matsakaici Ɗaya, Hali Biyu

Gul na 3.5 da na Pathfinder duk maki 13 aka rubuta musu, amma ba halitta ɗaya ba ce a teburin da ake jefa dayis. Mai 2d12 yana iya fitowa da 2 ko 24, mai 2d8 da 4 kuwa ba ya gaza 6 ba ya wuce 20. Cikin hanyoyi 144 da d12 biyu ke faɗuwa, 10 suna ba da 5 ko ƙasa, 10 kuma suna ba da 21 ko sama. Ke nan kusan gul ɗaya cikin bakwai zai fito da rauni ko ƙarfin da ɗan'uwansa na Pathfinder ba zai taɓa kaiwa ba. Ma'aunin warwatsuwar d12 guda ya kusa 11.9, na d8 kuwa 5.25, kuma ƙarin da ba ya canzawa ba ya ƙara warwatsuwa ko kaɗan. Jagoran da ke son firgici da rashin tabbas babban dayis zai ɗauka, wanda ke son ya san tsawon faɗa tun kafin a fara sai ya rage dayis ya ƙara tsayayyen adadi.

6.0 In Za a Tsara Wasan da Hausa

Kayan gini ba su yi mana ƙaranci ba. Akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya fara bugawa a 1911, ga littattafan yaƙi da matasa ke karantawa har yau. Sai dai abubuwa uku suna bukatar lura.

Na farko, matattun Dungeons & Dragons baƙi ne. Bampaya ya biyo ta Dracula na Bram Stoker na 1897, zombi ya taso daga al'adun Haiti, fim ɗin George Romero na 1968 ya sake masa kama. Abin da Bahaushe ya fi sani shi ne fatalwa, wadda ba gawa ba ce mai tafiya, siffar mamaci ce da ake cewa tana bayyana saboda wani abu da ya bari a baya. Ba a auna irin wannan da nama da ƙashi, don haka amsa ta uku ba ta dace da ita ba, ta farko kuma ta mayar da fatalwar basarake da ta bara abu ɗaya. Ta biyu ce ta fi kusa, domin kwarjini siffa ce da al'ummarmu ke yarda wani ya fi wani. Shawarar wannan takarda ita ce a ba fatalwa d8 da ƙarin kwarjini, sannan a ɗaura mata ƙulli: amanar da ba a mayar ba, bashin da ba a biya ba, ko dukiyar marayu da aka binne. In makinta ya ƙare ta ɓace ta dawo, ba ta tafiya sai an warware ƙullin. Bugun 3.5 ya yi wa tasa fatalwar haka, tana dawowa cikin kwana 2d4. Da wannan wasan zai koma bincike da sulhu maimakon sara da suka. Tauri kuwa, wanda ake cewa ƙarfe ba ya kama mai shi, ba ƙarin maki ba ne. Ragin ɓarnar wuƙa da takobi ne, kamar yadda bugun 1977 ya sa makami mai kaifi ke yi wa ƙwarangwal rabin ɓarna.

Na biyu, aƙida. Musulunci ya karantar da cewa mamaci yana barzahu, ba ya dawowa duniya, kamar yadda aya ta 99 da ta 100 na Suratul Muminun suka nuna, kuma malamai da dama na fassara abin da mutane ke gani da cewa aljani ne ya ɗauki siffa. Wannan yana da tasiri kai tsaye a lissafi. In aljani ne, to mai rai ne da ke ci yana sha yana mutuwa, sai a koma ga ƙa'idar ƙwarin jiki. In kuwa an bar ta fatalwa, sai a bayyana tun farko cewa tatsuniya ce. Dole mai tsara wasa ya zaɓi ɗaya kafin ya rubuta adadi.

Na uku, dayis. A jihar Zamfara, inda aka ƙaddamar da shari'a a Gusau cikin Oktoban 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta kuma fara aiki a Janairun 2000, ba za a tsallake hadisin da ke cikin Sahihu Muslim mai tsawatarwa game da wasan nardi, wanda ake yi da dayis, ba. Hukunci na malamai ne. Abin da lissafi zai iya cewa shi ne makin rai ba ya bukatar jifa. Littattafan wasan suna buga matsakaici a gaban kowane dodo, bugu na biyar kuma ya yarda ɗan wasa ya ɗauki tsayayyen adadi a kowane mataki: 4 a madadin d6, 5 a madadin d8, 6 a madadin d10, 7 a madadin d12. Wannan ma ya fi jifa riba da rabin maki a kowane mataki. Akwai kuma wasannin da ba su amfani da dayis gaba ɗaya, irin Amber na Erick Wujcik na 1991.

7.0 Kammalawa

An ga cewa cikin shekara 40 an ba mamaci d8, aka ƙwace masa ƙwarin jiki aka ba shi d12, aka jingina shi da kwarjini, sannan aka mayar masa da ƙwarin jikin. Kowane sauyi ya fifita wani aji ya ƙware wani, kuma adadin da aka buga bai taɓa zama cikakken ma'aunin jimiri ba sai an haɗa shi da ƙa'idojin rauni da farfaɗowa. Takardar tana ba da shawara uku. Malaman lissafi na sakandare su yi amfani da misalan sashe na 4 da na 5 wajen koyar da matsakaici da yiwuwa, waɗanda ke cikin manhajar WAEC da NECO, tunda allo da alli sun wadatar. Ɗaliban kwamfuta da lissafi na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, dukansu a Talata Mafara, su gwada ƙa'idar fatalwa da aka kawo su ga inda za ta karkace. Manazarta Hausa kuma su tattara labaran fatalwa da tauri da dodanni daga bakin dattawan Bakura da Maradun da Mafara, domin duk wanda zai tsara wasa ya san halittar da yake aunawa kafin ya sa mata adadi.